Yadda ake samo janti da tayoyin da suka dace da tsohuwar a-kori-kura a Maraɗi

Har yanzu tsofaffin motocin a-kori-kura ne ke ɗauke da babban kaso na hidimar kasuwannin ƙauye a jihar Maraɗi. Peugeot 404 da 504 bashe, Hilux ta shekarun 1980 da 1990, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, su ne ke kwaso gero da wake da aya daga wajajen Dakwaro, Mayahi da Madarunfa zuwa cikin gari. Injinsu yana da masu gyara, amma ƙafafunsu sun fara zama abin nema, domin an daɗe da daina ƙera yawancin waɗannan motoci. An daɗe da tsayar da 404 bashe a Faransa, ko da yake Kenya ta ci gaba da harhaɗa ta har 1991, kamfanin PAN na Kaduna kuwa, wanda ya fara aiki a 1975, ya daina fitar da 504 a tsakiyar shekarun 2000. Saboda haka mai irin wannan mota ba safai zai sami sabon janti, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kansa, a kanti ba, sai na hannu, kuma a kasuwar kayan hannu wanda ya je da awonsa a rubuce ne kaɗai ke dawowa da abin da ya dace.

Fara da motar, ba da kasuwa ba

Kafin ka taka ƙafa zuwa wurin masu sayarwa, ka ajiye motar a wuri mai tauri, ka ja birkin hannu, ka tokare sauran ƙafafun da duwatsu, ka ɗaga ta, sannan ka cire ƙafa ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya. Dalilin cire biyu shi ne, motar da ta shekara talatin ko arba'in tana aiki ta ratsa hannun makanikai da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar an taɓa canza mata aksul ɗin baya da na wata mota dabam. Idan haka ta faru, abin da ke rubuce a takardun motar ba zai yi maka jagora ba, ƙarfen da ke gabanka ne zai gaya maka gaskiya.

Ka wanke jantin da ruwa da burushin waya, domin akwai lambobi da aka buga a jikinsa, galibi kusa da ramukan noti ko a cikin kwarinsa. Idan ka ga rubutu kamar 5.5J x 14, ma'anarsa faɗin jantin inci 5.5 ne, girman da'irarsa kuma inci 14. Lambar da ke biye da haruffan ET tana nuna, da milimita, yadda fuskar da ke manne wa motar ta gusa daga tsakiyar faɗin jantin. Ka kwafe duk wannan a takarda, ka kuma ɗauki hotonsa da waya.

Awon ramukan noti

A nan ne mutane suka fi yin asara, don haka ya kamata a tsaya a kai. Adadin ramuka kaɗai ba ya isa. Janti biyu na iya zama masu rami biyar-biyar amma ɗaya ya ƙi shiga inda ɗayan ya fito, saboda da'irar da ramukan suka jeru a kanta ba ɗaya ba ce. Idan ramukan huɗu ne ko shida, awon yana da sauƙi: ka auna daga tsakiyar rami ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa ta ƙetaren cibiya. Idan biyar ne babu ramin da ke fuskantar wani, don haka sai ka auna tsakanin tsakiyar ramuka biyu maƙwabta, ka ninka abin da ka samu da 1.701. Wanda ya sami kusan milimita 67 ya san da'irarsa 114.3 ce, wanda ya sami 82 tasa 140 ce, 88 na nufin 150, 97 kuma na nufin 165.1.

Waɗannan lambobin suna da motocinsu. Hilux mai jan ƙafa biyu ta wancan zamani tana da rami 5 a kan milimita 114.3, mai jan ƙafa huɗu kuwa rami 6 a kan 139.7. Land Cruiser ta daɗe a kan rami 6 da 139.7, har zuwa 1999 lokacin da samfurin 70 ya koma rami 5 a kan 150, shi ya sa jantin sabuwar Land Cruiser ba ya hawa tsohuwa ko da dukansu inci 16 ne. Land Rover tana da rami 5 a kan 165.1. A gidan Peugeot abin ya fi rikitarwa: ƙaramar 404 ta ɗaukar mutane rami 3 gare ta, ƙaramar 504 rami 4 a kan 140, bashe kuwa rami 5 a kan 140. Ke nan tarin jantin ƙananan 504 da ke jibge a garejoji ba zai amfani mai bashe ba, kuma jantin Land Cruiser mai rami 5 da ya yi kama da nasa a ido ya fi shi faɗin da'ira da milimita 10.

Za ka haɗu da wanda zai ce maka bambancin kaɗan ne, a kawo magagari a gurza ramukan, ko mai walda ya toshe su a huda sababbi. Kada ka yarda. Ramin da aka gurza ba ya riƙe noti a tsakiya, jantin zai riƙa motsi a kan ƙusoshin duk lokacin da aka taka birki, har ƙusoshin su gaji su karye, kuma hakan ya fi faruwa ne lokacin da motar ke ɗauke da kaya da mutane a kan kayan. Gara a ajiye mota mako guda ana nema da a ɗora ta a kan jantin da aka yi wa wannan aika-aika.

Ramin tsakiya, zurfi da noti

Bayan ramukan noti sai babban ramin tsakiya, wanda ke zama a kan cibiyar ƙafar mota. Toyota mai rami 6 tana bukatar kusan milimita 106, alhali jantin a-kori-kurar Nissan, wanda shi ma rami 6 ne a kan 139.7, ramin tsakiyarsa kusan 100 ne. Ramukan noti za su yi daidai, amma jantin ba zai zauna ya manne ba, musamman a ƙafar gaba ta mota mai jan ƙafa huɗu inda cibiyar ta fito waje. Idan ramin ya fi cibiyar faɗi kaɗan ana iya amfani da jantin ƙarfe wanda notunansa masu tsinin kai ke daidaita shi, amma idan ya gaza, a bar shi.

Zurfin jantin kuma ana auna shi cikin sauƙi ko da lambar ET ta goge. Ka kifa jantin fuskarsa na ƙasa, ka gitta miƙaƙƙen ƙarfe a kan bakinsa na ciki, ka auna daga ƙarfen zuwa fuskar da ke manne wa motar. Jantin da ya fi na asali zurfi zai tura tayar ciki ta riƙa gugar sifirin ko ƙarfen sitiyari, ko ya taɓa kayan birki. Wanda ya gaza zurfi zai fito da tayar waje, abin da wasu samari ke so don kwalliya, amma yana ɗora wa boris nauyin da ba a yi shi dominsa ba, yana kuma sa tayar ta ci jikin mota idan an yi lodi. Bambancin da bai wuce milimita 5 zuwa 10 ba yawanci ba ya kawo matsala.

Noti ma yana da nasa sharaɗi. Ƙusoshin tsohuwar Hilux da na a-kori-kurar Nissan duk kaurinsu milimita 12 ne, amma tazarar tiredinsu ta bambanta, 1.5 a Toyota, 1.25 a Nissan. Notin da ya fara shiga sannan ya cije bayan juyi biyu ba tsatsa ce ta riƙe shi ba, ba nasa ba ne, kuma matsa shi da ƙarfi lalata ƙusar zai yi. Haka kuma jantin ƙarfe yana son noti mai tsinin kai, alhali yawancin jantin alminiyam na Toyota suna son noti mai washa shimfiɗaɗɗe. A ganina, ga motar da ke bin hanyar gargada da ramuka, jantin ƙarfe ya fi alminiyam nesa ba kusa ba, domin ƙarfe idan ya daki dutse lanƙwashewa yake yi a buga shi ya miƙe, alminiyam kuwa tsagewa yake yi.

Inda ake nema

Ka fara da gida. Makanikan da suka tsufa a kan Peugeot ko Toyota a cikin Maraɗi sun san inda kowace matacciyar mota take kwance, haka ma direbobin tashoshin da ke lodin ƙauyuka, kuma sau da yawa janti mafi kyau yana jikin wata bashe da injinta ya mutu aka jingine ta a bayan gida a Tibiri ko Tasawa. Idan ka je wurin irin wannan dattijo, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: “Baba, jantin bashe nake nema mai rami biyar, ga awonsa, ga kuma tsohon a mota.” Tafiya da tsohon jantin ta fi kowane bayani, domin ana iya kifa shi a kan wanda ake son saya a ga ko ramuka sun haɗu.

Idan gida ya gaza, sai a duba Damagaram da Yamai, ko a bi hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta shahara da kayan mota na hannu. Don kayan 504, Kaduna da kasuwarta ta Panteka suna da dalilin da za a tuna da su, tunda a garin aka harhaɗa motar shekaru masu yawa. Wanda zai yi aike maimakon ya je da kansa, ya tura wa ɗan aiken hoton awon, ya nemi a aiko masa da hoton jantin da ma'auni a ɗore a kan ramukan kafin a biya, ya kuma sa kuɗin duwan da na mota a lissafinsa tun farko. Ko a gida ko a waje, a yi cinikin bisa sharaɗin mayarwa idan bai hau ba, a gaban shaida.

Duba jantin kafin biya

Ka kankare fenti da tsatsa a kewayen ramukan noti, ka nemi tsaga siririya da ke tashi daga rami zuwa rami, ka kuma duba ko ramukan sun zama masu tsawo maimakon zagaye. Ka duba inda faifan tsakiya ya haɗu da kewayen, domin nan ne tsatsa ke ɓuya. Sabon fenti mai kauri a kan tsohon janti dalili ne na ƙara dubawa. Daga nan ka ɗaura shi a ƙafar gaba ba tare da taya ba, ka kafa wani abu kusa da bakinsa, ka juya shi da hannu: idan bakin yana matsowa yana janyewa fiye da milimita 2 ko 3, jantin ya karkace, kuma zai ci taya ya girgiza sitiyari.

Akwai janti iri biyu da ya kamata ka bambance. Na taya marar tub yana da ɗan tudu a kewaye kusa da inda bakin taya ke zama, wanda ke hana tayar zamewa idan iska ta ragu. Tsofaffi da yawa ba su da wannan tudun, wasu ma da ribit aka haɗa su, don haka dole a sa musu tub. Sai kuma janti mai zobe na tsohuwar Land Cruiser, mai lamba irin 5.50F x 16, wanda ke bukatar tub da kuma robar da ake shimfiɗawa tsakanin tub da ƙarfe. Direbobin daji suna son sa don ana iya kwance shi a yi faci ko'ina, amma zoben yana kisa idan ya fallo lokacin ba da iska. Kada a haɗa zoben wani janti da wani, kada a yi amfani da zoben da ya lanƙwashe ko tsatsa ta ci, kuma a lokacin ba da iska a ɗaure shi da sarƙa, a juya zoben ya kalli ƙasa, kowa ya matsa gefe.

Zaɓen taya

Janti ne ke yanke girman taya, don haka sai an gama da shi ake zuwa nan. Lambar ƙarshe a girman taya dole ta zama daidai da incin jantin. A tsofaffin littattafan Peugeot za ka iya ganin 380 a wurin da ake sa ran ganin inci, kamar 165 x 380. Wannan inci 15 ne aka rubuta da milimita. Tsohon girma irin 185R14 daidai yake da 185/80R14 na yanzu, tsayinsa kusan milimita 652, 195R14 kuma kusan 668. Tayar 7.50R16 ta Land Cruiser tana kusa da 235/85R16 a tsayi, sai dai ta biyun ta fi faɗi, tana son jantin da ya kai inci 6. Idan za a sauya girma, kada tsayin ya bambanta da na asali fiye da kashi 3 cikin 100, in ba haka ba motar za ta yi nauyin tashi da kaya, allon gudu kuma ya daina faɗin gaskiya.

Abin da ya fi girma muhimmanci shi ne ƙarfin ɗaukar nauyi. Tayar aiki tana da harafin C bayan girmanta, ko LT, tare da rubutu kamar 8PR. A kan 185R14C za ka ga 102/100, kuma 102 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 850. A kan 195R14C ko 195R15C lambar 106 na nufin kilo 950, a kan 205R16C kuma 110 na nufin kilo 1060. Ka kwatanta da tayar ƙaramar mota 185/70R14 mai lamba 88, wadda iyakarta kilo 560. Biyu daga cikinta a baya kilo 1120 ke nan, alhali buhu 10 na gero masu kilo 100 sun kusa cinye wannan tun ba a sa nauyin bayan motar kanta ba. Tayar za ta hau jantin lafiya, za ta kuma fi araha, amma a kan kwalta mai zafi tsakanin Gidan Rumji da Ƙonni a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ita ce ke fashewa.

Tun da masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop a Legas ta bi baya a 2008, tayoyin da ke zuwa kasuwanninmu daga nesa suke fitowa, sababbi da na hannu, kuma wasu sun daɗe a ajiye. Saboda haka ka nemi rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin uku ne, an yi tayar kafin shekarar 2000, ba ta da sauran amfani a kan hanya. Manyan kamfanonin taya suna ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta kai 5, a kuma cire ta idan ta kai 10 ko da zanenta bai cinye ba, kuma zafin ƙasarmu yana gaggauta tsufan roba. Ra'ayina shi ne sabuwar tayar aiki ta kamfani matsakaici ta fi tsohuwar taya mai babban suna da ta shekara 8.

Wanda ƙarfinsa bai kai sabuwa ba, ya sayi ta hannu da idonsa a buɗe. A cire ta daga janti a duba cikinta da fitila, domin faci a gefe, ko baƙin garin roba a ciki, alama ce an taɓa tafiya da ita ba iska. A matsa gefen da hannu a ga ko ƙananan tsage-tsage za su buɗe, a shafa a ji ko akwai kumburi, a duba bakin ko waya ta fito. Akwai ƙananan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna milimita 1.6, idan zanen ya kusa daidai da su, tayar ta ƙare. A yi hattara da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa, ana gane ta da kwarin da ba shi da santsi da kuma rashin waɗannan tudun. Haka nan tayar da ke da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, galibi an yi ta ne don sanyin Turai, robarta mai laushi ce, kuma zafi yana cinye ta da wuri.

Game da zane, motar da ke zirga-zirga a kan kwalta tsakanin Maraɗi, Cadawa da Agye tana son zane mai layi-layi wanda ba ya ɗaukar zafi. Mai shiga yashi da gonaki, inda ƙayar aduwa da kututturen kara ke jira, ya fi bukatar gefe mai kauri da zane matsakaici. Zane mai manyan haƙora na laka yana tona yashi ya binne motar. Tayoyi biyu da ke kan aksul ɗaya su zama girma ɗaya, iri ɗaya, kada a haɗa mai harafin R da marar shi. A mota mai jan ƙafa huɗu, duka huɗun da safaya su zama tsayi ɗaya.

Ɗaurawa

Ka tsaya a wurin mai faci lokacin da ake aikin. A goge tsatsar inda bakin taya ke zama, a sa sabon bawul, ko sabon tub mai girman tayar idan jantin na tub ne, a shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ba baƙin mai ba, domin mai yana cin roba. Kada a taɓa yin walda a jikin janti alhali taya na kansa, ko da an sace iskar. A kai ƙafafun gaba a daidaita nauyinsu da darma a kan inji.

Wajen mayar da ƙafa, a goge fuskar cibiyar, a fara ɗaura kowane noti da hannu, kuma a ƙusar Toyota ya yi aƙalla juyi 8 kafin ya matse. A matse su a gicciye, ɗaya sannan na ƙetarensa, ba a jere ba, kuma kada yaron gareji ya hau kan dogon bututu yana tsalle, domin hakan yana miƙar da ƙusa har ta yi rauni. Kafin a sauke motar a juya ƙafar da hannu, a karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, a saurari ko wani abu na guga. Bayan an sauke, a yi lodi a sake duba tazarar da ke tsakanin tayar baya da jikin mota.

Iska ana auna ta ne da safe kafin a yi tafiya, da geji, ba da bugun ƙarfe ba. Tayar 185R14C mai 8PR ba ta ɗaukar kilo 850 ɗin nan sai tana da iska bar 4.5, don haka ƙafar baya mai kaya tana bukatar iska fiye da ta gaba, gwargwadon abin da aka rubuta wa motar, ba tare da an wuce iyakar da ke jikin tayar ba. Idan iska ta ƙaru bayan doguwar tafiya kada a rage ta, za ta koma daidai idan tayar ta huce. Wanda ya rage iska don ƙetare yashi ya mayar da ita kafin ya hau kwalta. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ta farko a tsaya a sake matse notuna duka, sannan a kai motar a daidaita ƙafafun gaba, domin tsofaffin ƙarafan sitiyari da suka yi sako-sako suna iya cinye gefe ɗaya na sabuwar taya cikin ƴan watanni.